Babba da littafin yara a hannu: sharhi kan Harry Potter da masu karanta shi a Damagaram

A Damagaram ba abu ne mai wuya ba a tarar da magidanci, malamin lise ko ma'aikacin asibiti, zaune a fada bayan sallar isha'i, ana zagayen shayi na biyu, shi kuwa ya duƙufa kan wayarsa har kofinsa ya huce. Idan abokan hira suka leƙa suka ga cewa abin da ya ɗauke masa hankali labarin wani yaro ne mai tabo a goshi da ke hawan tsintsiya yana tashi sama, abin da zai biyo baya sananne ne. Wani zai yi dariya ya ce, "Haba mushe, da girmanka?" Wani kuma, wanda ya fi ɗaukar abin da zafi, zai ce shi batun girma bai dame shi ba, abin da ya dame shi shi ne littafin na matsafa ne, bai kamata ya shiga gidan Musulmi ba, balle a miƙa wa yaro.

Zancen ya sake tasowa tun bayan da kamfanin Warner Bros. ya sanar a watan Afrilun 2023 cewa zai mayar da littattafan Harry Potter bakwai wasan talabijin mai dogon zango, domin da yawa daga waɗanda suka yi ta murna da labarin ba yara ba ne, manya ne. Gardamar takan cakuɗe ne saboda ana haɗa tambayoyi da ba iri ɗaya ba a kwano guda, wato ko ya dace babba ya karanta abin da aka rubuta domin yara, ko rubutun yana da ingancin da ya cancanci lokacin babba, da kuma matsayin labarin sihiri a addini. Kowace tana da nata tarihin da nata masu magana.

Me ake nufi da "littafin yara"?

Kalmar ta samo asali ne daga harkar ɗab'i da ciniki. Kamfanin buga littattafai yana buƙatar sanin kantar da zai jera hajarsa, da irin bangon da zai yi mata, da makarantun da zai tallata wa, saboda haka yake rubuta cewa wannan littafi na 'yan shekara tara zuwa sha biyu ne, wancan na matasa ne. Wanda ke da kwafin Faransanci na jerin Folio Junior zai iya buɗe shafin ƙarshe ya ga an ambaci wata dokar Faransa ta ranar 16 ga Yulin 1949 game da abubuwan da ake bugawa domin yara. Wannan doka tana iyakance abin da marubuci da mai ɗab'i za su iya sakawa cikin littafin, amma ba ta ce komai ba game da wanda zai karanta shi. Ma'anar alamar ita ce yaro zai iya shiga, ba ta nufin an rufe wa babba ƙofa.

Irin labarin kuma shi ne wanda za a iya kira ƙagaggen labarin al'ajabi: dogon labari da ake gina masa duniya ta daban, mai nata halittun da nata dokokin, inda abin da ba ya yiwuwa a rayuwa yake faruwa bisa ƙa'idar da marubuci ya shimfiɗa tun farko. Ya bambanta da tatsuniya, wadda gajeriya ce kuma ba a san mai ita ba, sai dai ya yi kusa ƙwarai da littattafan yaƙi na Hausa da ke zuwa daga Kano, masu sadaukai da aljanu da takubban sihiri.

Akwai kalma ɗaya da ta jawo rabin ruɗanin. An fassara littafin farko zuwa Faransanci da sunan Harry Potter à l'école des sorciers, kuma Bahaushen da ya yi lakwal idan ya ji kalmar sorcier, abin da ke faɗo masa a rai shi ne maye, mai kama kurwar mutane, ko matsafi mai yanka wa iskoki baƙin bunsuru. Mutanen da ke cikin labarin ba wannan ba ne kuma ba wancan ba ne. An haife su da wata baiwa, suna zuwa makarantar kwana, suna ɗaukar darasi da jarrabawa, suna da ma'aikatar gwamnati da banki da jarida da kurkuku. Ba a nuna su suna bauta wa wani abu ko suna neman taimakon aljani. Wannan bayani bai kashe gardamar addini ba, amma yana da kyau a san abin da ake gardama a kansa.

Yadda labarin ya tsallake shingen shekaru

Marubuciyar labarin, J.K. Rowling, 'yar Birtaniya da aka haifa a 1965, ta sha ƙin karɓa daga kamfanonin ɗab'i goma sha biyu kafin kamfanin Bloomsbury na Landan ya fitar da littafin farko ranar 26 ga Yunin 1997, kuma bugun farko mai kaurin bango kwafi 500 ne kacal. Babu wanda ya yi lissafi da manya a lokacin. Damuwar kamfanin ita ce kada yara maza su guje wa littafin idan suka ga sunan mace, shi ya sa aka taƙaita sunanta zuwa haruffa biyu.

Ba a daɗe ba aka lura cewa iyaye suna karɓe littafin daga hannun 'ya'yansu, kuma wasu suna jin nauyin a gan su da bango mai zanen yara a cikin jirgin ƙasa. Tun daga 1998 kamfanin ya fara fitar da bugu na biyu mai bango marar hayaniya, kalma ɗaya ba ta canza a ciki ba. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Gallimard ya fitar da fassarar Jean-François Ménard, wadda ta sa masu karatun Faransanci suka san makarantar da sunan Poudlard, suka san wani malaminta mai ɗaure fuska da sunan Rogue. A watan Yulin 2000 jaridar New York Times ta ƙirƙiro jeri na musamman na littattafan yara da suka fi kasuwa, domin littattafan Rowling sun daɗe suna mamaye saman jerin manya har masu buga littattafan manya suka fara ƙorafi. Littafi na bakwai, wanda ya fito ranar 21 ga Yulin 2007, ya sayar da kwafi miliyan 8.3 a Amurka kaɗai cikin awa 24 na farko. Zuwa yanzu an sayar da fiye da kwafi miliyan 500 na jerin, cikin harsuna sama da 80, an kuma yi finafinai takwas daga 2001 zuwa 2011.

Babban dalilin wannan tsallake yana cikin tsarin labarin kansa. Jarumin yana da shekara goma sha ɗaya a littafin farko, kuma kowane littafi yana ƙara masa shekara guda har ya kai sha bakwai. Rubutun ma yana girma tare da shi: littafin farko bai wuce kalmomi dubu 80 ba, na biyar ya haura dubu 250, kuma daga na huɗu, inda aka kashe ɗalibi a gaban idon jarumin, labarin ya bar wasa ya koma maganar mutuwa da yaƙi da cin amana. Yaron da ya fara karatu yana ajin farko na kolej a ƙarshen shekarun 1990 ya gama jerin yana jami'a, kuma yau shi ne uban da ke neman kwafi domin ɗiyarsa.

Abin bai tsaya kan Harry Potter ba. A shekarar 2012 kamfanin binciken kasuwa na Bowker ya gano cewa kashi 55 cikin ɗari na masu sayen littattafan matasa a Amurka 'yan shekara 18 ne zuwa sama, kuma galibinsu kansu suke saya wa. Kafin wannan, littafi na uku na wani jerin labarai na marubucin Birtaniya Philip Pullman ya ci kyautar Whitbread ta gwarzon littafin shekarar 2001, karo na farko da littafin yara ya doke na manya a wannan gasa.

Abin da babba ke gani a shafin da yaro ya wuce da gudu

A littafin farko akwai wurin da yaron, wanda maraya ne tun yana jariri, ya shiga wani ɗaki da dare ya tarar da madubi mai nuna wa mutum abin da zuciyarsa ta fi bege. Da ya tsaya gabansa sai ya ga uwarsa da ubansa suna yi masa murmushi, ya dinga komowa dare bayan dare, har shugaban makarantar ya same shi ya gargaɗe shi cewa mutane sun lalace a gaban wannan madubi. Ɗan shekara goma zai karanta wurin ya ce madubin ya burge shi, ya buɗe shafi na gaba. Matar da ta binne mahaifiyarta bara, ta ari littafin domin ɗiyarta sannan ta ɗauka tana dubawa bayan yara sun yi barci, ba za ta wuce wurin da wannan saurin ba. Rowling ta faɗa a hirarraki da dama cewa mahaifiyarta ta rasu a ƙarshen 1990, watanni kaɗan bayan ta fara rubutun, kuma rashin ya shiga cikin labarin. Haka nan ta ce wasu halittu na labarin, masu tsotse farin ciki daga jikin mutum, ta ƙirƙiro su ne daga ciwon damuwa da ta yi fama da shi.

Littafi na biyar kusan na ma'aikatan gwamnati ne. Hukuma ta ƙi amincewa da haɗarin da ke tafe saboda amincewar za ta girgiza kujerar minista, jarida ta koma ɓata sunan wanda ya faɗi gaskiya, aka turo wa makarantar sufeto mai murmushi da tarin dokoki, tana zama a bayan aji da takarda tana rubuta laifin malamai. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san yadda aji ke yin tsit ranar da sufeto ya zo. Yaro yana ƙin matar ne domin muguwa ce, babba kuwa yana gane ta.

Sai kuma zancen asali. Mugun da ke cikin labarin da mabiyansa suna raba mutane gida-gida: masu tsarkin jini, 'yan rabi da rabi, da waɗanda iyayensu ba su da baiwar, kuma ɗalibar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin tana cikin kaso na ƙarshe. Mai karatu a ƙasar da har gobe ake iya fasa aure saboda an binciko cewa kakan yaro mahauci ne ko maƙeri, ko an ce gidansu asalin bayi ne, ba ya buƙatar a yi masa fashin baƙin wannan. Haka maraicin jarumin, da riƙon da 'yar'uwar mahaifiyarsa ta yi masa, inda ɗan gida ke da ɗaki biyu shi kuwa yana kwana a ƙarƙashin matakala, duk wanda ya ji tatsuniyar 'yar mowa da 'yar bora ya san hanyar da labarin zai bi.

Akwai kuma dalilai masu sauƙi da ba sa buƙatar dogon bayani. Kowane littafi an gina shi kamar labarin bincike, da alamun da aka ɓoye tun farko waɗanda sai a karatu na biyu ake ganinsu. Wasu manyan kuma suna komawa ne domin tunawa da ƙuruciya, kamar yadda mutum ke neman waƙar da ya ji a gidan kakarsa.

Masu suka da masu kariya

Sukar da ta fi nauyi ta fito ne daga manyan masana adabi. Harold Bloom, farfesa a jami'ar Yale, ya rubuta a jaridar Wall Street Journal a shekarar 2000 cewa rubutun cike yake da jimlolin da aka gaji da ji, kuma yawan masu saye ba hujjar inganci ba ce. A.S. Byatt, marubuciyar Birtaniya da ta ci kyautar Booker, ta rubuta a New York Times a 2003 cewa manyan da ke rububin littafin suna neman komawa cikin kwanciyar hankalin ƙuruciya ne, kuma sihirin da ke ciki ba shi da kwarjini da zurfin da ake samu a wajen wasu marubutan labarin al'ajabi. A 2014 'yar jarida Ruth Graham ta rubuta a mujallar Slate cewa ya kamata babba ya ji kunyar mayar da littattafan matasa abincinsa, domin suna ba shi ƙarshe mai daɗi da amsa a sauƙaƙe, alhali rayuwar manya ba haka take ba.

Ba a iya watsar da wannan suka gaba ɗaya. Gaskiya ne cewa jimlolin Rowling ba su da ƙawar da ke sa a tsaya a maimaita, cewa littafi na biyar ya yi tsawon da za a iya rage shi, kuma mutumin da bai karanta komai ba sai waɗannan bakwai ɗin sau goma ya taƙaita wa kansa duniya. Abin lura shi ne cewa Byatt ba ta ce labarin al'ajabi na yara ba ne. A rubutun nata ta yaba wa wasu marubutan wannan fanni. Gardamarta kan wannan jerin ne kaɗai.

A ɗaya ɓangaren, amsar ta riga tambayar da shekaru masu yawa. J.R.R. Tolkien, marubucin labarin al'ajabi ɗan Birtaniya, a laccar da ya gabatar a jami'ar St Andrews a 1939, ya ce tura irin waɗannan labarai ɗakin yara hatsarin tarihi ne, kamar yadda ake kai tsohuwar kujera ɗakin yara idan manya sun daina yayinta. Ga masu cewa gudun gaskiya ne, ya bambanta tsakanin fursunan da ke neman kuɓuta daga kurkuku da sojan da ya gudu daga fagen daga. C.S. Lewis kuwa, shi ma marubucin irin waɗannan labarai, ya rubuta a 1952 cewa labarin yara da yara kaɗai ke jin daɗinsa labari ne marar kyau, kuma yawan tsoron kada a ce mutum ya yi yarinta shi kansa alamar yarinta ce. Masu wannan ra'ayi suna ƙarawa da cewa mai karatu ba ya zaɓar abu ɗaya ya bar sauran, domin wanda ya karanta Rowling da dare yana iya karanta tarihin Sarkin Damagaram Tanimun da safe.

Idan aka auna, ɓangarorin biyu ba su yi nisa da juna kamar yadda zafin maganarsu ke nunawa ba. Dukansu sun yarda cewa inganci ake dubawa. Inda suka rabu shi ne ma'aunin: ɗaya yana auna kyawun jimla, ɗayan yana auna ƙarfin gina labari da riƙe mai karatu har shafi dubu uku.

Shingen da bai taɓa yin tsawo a ƙasar Hausa ba

Wanda ke cewa "da girmanka" yana da abin dogaro a al'ada. Tatsuniya aikin dare ce, ta tsofaffi mata da yara, kuma magidanci ba ya zama a tsakar gida yana amsa "ta zo mu ji ta". Idan aka ce wa mutum maganarsa tatsuniya ce, an ƙaryata shi ke nan. To amma mai ba da tatsuniyar babba ce, kuma duk wanda ya saurara da kunnen manya ya san cewa wayon Gizo da haƙurin Ƙoƙi da zaman kishiyoyi ba domin yara kaɗai ake faɗarsu ba, sau da yawa habaicin yana nufin wata da ke jin hirar daga bakin ɗakinta.

A rubutaccen adabi abin ya fi fitowa fili. Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta kuma ya fara fitowa a 1937, an shirya shi ne a Zariya domin 'yan makaranta su sami abin karantawa, kuma ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya ya sa musu rigar Hausa. Jigonsa aku ne mai magana da ya zama waziri. Ba a taɓa jin an ce dattijon da ke karanta shi, ko ke sauraron ana karanta shi a rediyo, ya zubar da girmansa ba. Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, tafiya ce ta neman ruwan magani har ƙasar aljanu. A nan Nijar, Boubou Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki daga samun 'yancin kai har zuwa 1974, bai ga ƙasƙanci ba wajen tattara tatsuniyoyi da almara ya buga su juzu'i-juzu'i, har ma ya rubuta littattafan yara. Littattafan yaƙi da ke shigowa daga Kano ta Matamaye da Magarya kuwa, masu sayensu da sauraronsu a waya sun haɗa da teloli da 'yan kabu-kabu da matan aure.

Saboda haka baƙon abu a Harry Potter ba shi ne babba ya ji daɗin labarin al'ajabi ba. Baƙon abu shi ne alamar "na yara" da aka manna masa tun daga Turai, da kuma kasancewar jarumansa yara ne 'yan makaranta, ba sadaukai masu gemu ba.

Batun sihiri

Wannan ne ɓangaren da ya fi nauyi a garin malamai irin Damagaram, kuma ba Musulmi kaɗai ya dama ba. A Amurka, ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar ta sa jerin a matsayi na ɗaya cikin littattafan da aka fi neman a cire daga makarantu da ɗakunan karatu tsakanin 2000 da 2009, kuma yawancin masu ƙorafin Kiristoci ne. A 2002 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta hana amfani da shi a makarantu masu zaman kansu. A gefe guda kuma, kamfanin Nahdet Misr na Masar ya fassara jerin zuwa Larabci, ana sayar da shi a ƙasashen Musulmi da dama.

Masu hani suna kafa hujja da abin da babu saɓani a kansa: Alƙur'ani ya ambaci sihiri a aya ta 102 ta Suratul Baƙara a matsayin abin da ke cutarwa ba ya amfanarwa, kuma hadisi ya lissafa shi cikin zunubai bakwai masu halakarwa. A ganinsu, labarin da ya mayar da mai sihiri jarumi yana sa zuciya ta saba da abin da ya kamata ta ƙyamata, musamman a wurin da boka da ɗan bori ba labari ba ne, maƙwabta ne. Wasu suna ƙarawa da aya ta 6 ta Suratu Luƙman kan zancen da ke shagaltarwa, su ce ko babu sihiri ɓata lokaci ne.

Masu sassauci suna bambanta aikata sihiri da ba da labarin da kowa ya san ƙage ne. Suna cewa kalmomin da jaruman ke furtawa ƙirƙirarru ne daga Latin, ba su koya wa kowa komai, kuma idan za a hana wannan to hukuncin zai hau kan Dare Dubu da Ɗaya da Ruwan Bagaja da rabin tatsuniyoyin kaka. Suna kuma tunatarwa cewa Maƙamat na Hariri, wanda manyan almajirai ke karantawa a zaure domin ƙwarewa a Larabci, ƙagaggun labarai ne na wani mayaudari mai fasahar baki. Akwai matsayi na tsakiya da iyaye da yawa ke bi ba tare da sun ba shi suna ba, wato su bar babba da zaɓinsa, su kuma jinkirta wa yaro har ya iya raba ƙage da gaskiya, ko su karanta tare da shi. A wannan matsayi, karatun babba ya zama sharaɗi ke nan, domin uban da bai buɗe littafi ba ba shi da abin da zai ce game da shi.

Kuɗi, harshe, da wanda abin ya shafa

A Landan ko Paris tambayar ita ce ko babba zai ji kunyar bango. A Damagaram tambayar farko ita ce ina littafin yake. Kwafin aljihu na Faransanci yana kai kimanin euro 10 a Faransa, masu kaurin sun fi haka, kuma da yake euro ɗaya sefa 655.957 ne, littafi guda ya haura jaka shida tun kafin a ɗora kuɗin sufuri. Bakwai ɗin sun zarce mafi ƙarancin albashi na wata, wanda aka ɗaga zuwa sefa 42,000 a 2024. Shi ya sa hanyoyin da aka fi samunsa su ne aro a ɗakin karatu, irin na cibiyar al'adun Faransa da Nijar da aka daɗe ana kira CCFN, ko tsinta a wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, inda za a iya samun na uku da na shida babu na farko, ko kuma kwafin waya da ake turawa hannu zuwa hannu, wanda galibi ba da izinin masu haƙƙi aka yi shi ba. Da yawa kuma fim suka fara gani, daga wajen masu tura finafinai a katin waya, sannan suka nemi littafin.

A ƙasar da manyan da suka iya karatu da rubutu na boko ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba, kuma kusan rabin al'umma ba su wuce shekara 15 ba, tasirin babba mai karatu ya wuce jin daɗin kansa. Ɗalibin da ke shirin birebe ko bak yana ganin Faransanci ne a matsayin harshen jarrabawa da jan biro. Idan ya ga yayansa ko malaminsa yana karanta shafi ɗari shida ba domin maki ba, har yana ƙin ajiyewa, ya ga wani amfani na karatu da aji bai nuna masa ba. Malaman harshe sun daɗe da sanin cewa dogon labari mai sauƙin jimla, wanda kalmominsa ke maimaituwa, yana gina ƙamus ɗin mai koyo fiye da haddar jerin kalmomi, kuma wannan ya shafi ɗalibin jami'ar André Salifou da ke neman ƙarfafa Ingilishinsa kamar yadda ya shafi ɗan kolej. Akwai kuma hasarar da masu kishin adabin gida ke nunawa: lokaci da kuɗin da aka kashe kan labarin makarantar kwana ta Birtaniya ba su je ga marubutan Nijar ba, kuma yaron da ya san sunayen gidaje huɗu na Poudlard yana iya kasa faɗin wanda ya gina ganuwar Birni.

Kundin sabunta ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Idan wannan ya kai ga ƙarin karatu da Hausa a makarantu, buƙatar da ta sa aka rubuta Magana Jari Ce za ta dawo, wato littattafan da yaro zai karanta domin daɗi, waɗanda kuma uwarsa za ta iya ɗauka bayan ya yi barci. Hanyoyin biyan buƙatar biyu ne, kuma kowace da tsadarta. Rubuta sabbin labaran al'ajabi daga kayan gida yana buƙatar masu ɗab'i da editoci da kasuwar da za ta biya marubuci. Fassara na waje kuma yana buƙatar sayen izini daga masu haƙƙi da kuɗin ƙetare, sannan mai fassarar zai ci karo da matsalar da ta faro wannan gardama tun a bangon littafi: idan ya rubuta "makarantar mayu" ya yi ƙarya ga labarin, idan ya rubuta "makarantar matsafa" iyaye da yawa ba za su bari ya shiga gida ba, idan kuma ya ƙirƙiro sabuwar kalma sai ya jira ya ga ko masu karatu za su karɓe ta.